Tekun da ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato

A shekarar 1853 aka buɗe gidan baje kolin kifaye na farko domin jama'a, a cikin gidan namun dajin Landan. Akwatunan gilashi aka jera, aka cika su da ruwa, mai kallo ya tsaya yana ganin abin da a da masunci kaɗai ke gani, shi ma sai kifin ya faɗa koma. Daga baya irin waɗannan gidaje suka bazu a Turai da Amurka, har sukan ware ranar iyali, a zo da yara a ba su labarin waɗanda suka leƙa ƙarƙashin teku.

Labarin yakan fara da jirgin Ingila mai suna Challenger, wanda ya kewaya duniya daga 1872 zuwa 1876 yana auna zurfin ruwa da igiya mai nauyi a baki. A 1875 igiyar ta sauka fiye da mita 8,000 a yammacin tekun Fasifik kafin ta taɓa ƙasa. A yankin nan ne, ranar 23 ga Janairun 1960, Jacques Piccard da Don Walsh suka nitsa cikin jirgin Trieste har kimanin mita 10,900. Saukar ta ci kusan awa biyar, zamansu a ƙasa kuwa minti ashirin ne kawai.

Yaron da ya tashi a Tudun Wadar Zariya ba shi da irin wannan gida a kusa. Ruwan da ya sani shi ne Kubanni da Galma, teku kuma sai an wuni a mota. Sai dai Arewa tana da nata tarihin binciken teku, wanda aka yi da guduma da shebur a busasshiyar ƙasa.

Bisa ƙiyasin masana duwatsu, tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku ya riƙa shigowa yana janyewa ta inda Sahara take a yau, ya rufe sassan Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato. Ba shi da zurfi sosai, amma ruwan gishiri ne mai ɗumi, cike da kifaye da kunkuru da kadoji. Zariya kanta tana zaune ne a kan dutsen da ya girmi tekun nesa ba kusa ba, irin na Kufena, shi ya sa mai neman ƙasusuwan sai ya nufi yamma maso arewa.

A 1930 masani W. E. Swinton ya wallafa bayani a kan wasu ƙasusuwa da aka tono a Lardin Sakkwato, ya gane cewa daga cikinsu akwai na wani ƙaton ƙadangaren teku, ɗan uwan damo da guza na nesa, mai ƙafafu kamar filafilin kwalekwale. Wajen shekara arba'in bayan haka ayarin masana daga Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka samo ƙoƙon kan dabbar a yankin Goronyo. A 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Abin mamaki, sunan garin ya shiga littattafan kimiyya na duniya, alhali da wuya a sami littafin firamare a Arewa da ya ambaci dabbar.

Zariya ma ta taka rawa. Farfesa Cornelius Kogbe ya yi shekaru yana bin duwatsun kwarin Sakkwato ɗaki-ɗaki, kuma sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello ne ya buga babban bincikensa a kan yankin a 1979.

Ragowar tekun tana nan ana cin moriyarta ba tare da an lura ba. Farar ƙasar Kalambaina, wadda masana'antar simintin Sakkwato ke haƙa tun shekarun 1960, ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka taru a gindin tekun har suka daskare. Duk gidan da aka gina da wannan siminti yana ɗauke da su a bangonsa. Ƙoƙon kan Goronyosaurus kuwa yana ajiye a birnin Florence na Italiya, kuma mutumin Goronyo da ke son ganinsa sai ya nemi biza.