Tattasai, baƙon da ya zama ɗan gari a bakin Komadugu

Yau hirarmu a kan tattasai take.

Duk wanda ya biyo kwalta daga Maine Sorowa zuwa Diffa a watan Janairu, ya ratsa ta nan Gagamari, ya san abin da muke nufi. Shanya ta yi ja wur, buhuna jibge ana jiran mota, ƙamshi na shiga hanci har mutum ya yi atishawa. Yaran yanzu sun ɗauka tun fil azal haka bakin kogin nan yake. To, ba haka ba ne. A tukunyarmu tattasai shi ne auta.

Lokacin da Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu wajen shekarun 1470, yamma da mu, kusa da Gaidam ta yanzu, babu tattasai ko barkono ko ƙwaya ɗaya a duk faɗin Afirka. Tsiron nahiyar Amurka ne. Sai bayan 1492 jiragen ruwan Sifaniya da Fotugal suka fito da irinsa, ya bi hannun fatake sannu a hankali har ya iso mu. Yajin mutanen Birni kuwa masoro ne da kimba da citta, waɗanda ake kawowa daga kudu.

Me kakanninmu suke ci ke nan? Gero ne uban tafiya, a yi burabusko, a yi tuwo, a dama kunu. Miya kuwa kuka ce da yakuwa da kuɓewa, a jefa kanwa da gishirin mangul na ƙasar Manga. In ruwa ya fara janyewa a kama tarwaɗa a yi banda, Fulani su kawo nono da man shanu. A bakin ruwa kuma Mobar suna jan jigo, guga bayan guga, suna ba fangalin alkama da albasa. Alkama fa ba cimar kowa ba ce a lokacin, ta fada ce da masu hali. Birni ya faɗi a 1808, sarauta ta koma Kukawa, amma jigo bai daina kuka a Komadugu ba.

Fari ne ya sauya komai. Na 1973 ya zo, na 1984 ya ƙarasa. Geron tudu ya ƙi, dabbobi suka ƙare, tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960 ya ja da baya har ɓangarenmu ya bushe. Jama'a suka gangaro kogi. Dama ana ɗan shuka tattasai a gefen garka, sai ga Najeriya tana nemansa ido rufe, don yana ba miya launi da zaƙi ba tare da ya ƙona baki ba. Daga can ɗin kuma injin ban-ruwa ya shigo, ga fetur da araha. Abin da mai jigo zai wuni yana yi, inji ya gama kafin a sha shayin hantsi. Shi ke nan, alkama ta matsa gefe.

Aikin ba wasa ba ne, manoma sun sani. A yi reno da farkon damana, a dasa in ruwan kogi ya iso, a yi ta ban-ruwa da taki da feshi, sannan daga ƙarshen shekara har zuwa Maris ana tsinka, zubi bayan zubi, ana shanyawa a rana. Mai ƙaramin ƙarfi kan ci bashin fetur da taki wurin ɗan kasuwa, ya biya da buhu in kaka ta yi, kuma sau da yawa ba shi ke yanka farashi ba. Duk da haka kuɗi sun shigo. Kafin rikici, jihar Diffa na fitar da kimanin tan dubu 10 na busasshen tattasai a shekara, mafi yawa zuwa Najeriya, ta Damasak zuwa Maiduguri da gaba. Da shi aka yi aure, aka yi rufin kwano, aka je Makka. Ba banza aka kira shi jan zinariya ba.

Wani abin mamaki: ruwan da muke ba shi ma baƙo ne. Daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake tasowa, ta kogin Haɗeja da na Jama'are, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwansa ba a hannun damana kaɗai yake ba. Ruwa daga Najeriya, fetur daga Najeriya, ciniki da naira. Mu dai namu ƙasa ce da gumi.

Mun ga illar haka da idonmu. A Nuwamban 2014 Boko Haram suka kama Damasak, ƴan'uwanmu suka tsallako ruwa, dubbai suka sauka nan Gagamari. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa moto, aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka taƙaita fetur da takin uriya, bisa hujjar cewa ƴan ta'adda na karɓar haraji daga waɗannan sana'o'i, suna kuma haɗa bam da takin. Garuruwan bakin kogi suka watse, suka dawo bakin kwalta cikin bukkokin tamfol. Wallahi mun ga magidancin da ke loda mota guda shi kaɗai yana layin karɓar tallafin hatsi. Ranar aka tuna cewa tattasai ba ya zama tuwo, kuma rumbunan da yawa an daɗe da barin cika su. Sai a Oktoban 2017 aka ɗage hanin tattasai, na kamun kifi kuma a Maris ɗin 2019. Ana cikin farfaɗowa, ambaliya ta cinye gonaki a 2019, ta sake dawowa a 2022.

Akwai wani gari a kudancin Italiya, Senise, a yankin Basilikata. Su ma baƙon nan ya je musu daga Amurka, su ma shanya shi suke, sai dai su a zare suke shirya shi su rataye. Tun 1996 dokar Turai ta kare sunan tattasansu, kamar yadda ake kare sunan inabin yankunansu, ba mai sayar da wani da sunan Senise. A nan gida ma albasar Galmi da kilishin Nijar sun sami irin wannan rajista a 2021. Namu kuwa, da buhu ya tsallake ruwa an niƙa an gauraya, uwargida a Kano ko Legas za ta zuba shi a miya, miya ta yi ja ta yi kyau, ba ta taɓa jin sunan Gagamari ba.