Daga Risho zuwa Kwizinyar: Yadda Gaz Ya Shigo Madafar Matamaye

Sana'ar gyaran kayan gaz a Matamaye ba ta da sarki, ba ta da unguwa, ba a kuma gadonta irin yadda ake gadon ƙira ko dukanci. A rumfar masu gyaran fitila aka haife ta. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, fitilar ƙwai da cocila da rishon kananzir yake gyarawa: ya sake lagwani, ya liƙe tanki da dalma, ya buɗe hanyar da ta toshe. Duk waɗanda suka fara taɓa gaz a garin nan ta wannan ƙofa suka shigo, shi ya sa har gobe tsofaffi risho suke kiran duk abin da ke ba da wuta ba da itace ba.

A wancan zamani, in ka ga butalin gaz a ƙasar Kance, to ɗayan biyu ne. Ko dai a likita, inda yake tafiyar da firijin ajiye allurar rigakafi, ko a gidan wani babban ma'aikaci da aka turo daga Yamai da kayansa. Gaz ɗin kansa daga waje ake shigo da shi, a ɗura a Yamai, ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, sannan wanda ke so ya aika a ɗauko masa ta hanyar Takeita. In butali ya ƙare, sai a jira mota. Mai hankali ba ya ɗora abincin iyalinsa kan abin da sai an jira mota.

Ba wai hukuma ba ta yi ƙoƙari ba. Bayan farin 1973 da na 1984, maganar hamada ta cika kunne, aka shiga neman abin da zai rage saran itace. Aka fito da murhun ƙarfe da aka sa wa suna Mai Sauƙi. Ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ta kawo shirin yaɗa gaz da tallafin Turawa. Daga baya ma an gwada tallata gawayin ƙasa na Anu Araren. A cikin waɗannan duka, murhun ƙarfe ne kaɗai ya kama ƙasa a wajenmu, don maƙeranmu na iya ƙera shi da tsohon duro, kuma itacen da aka sani yake ci.

Akwai kuma abin da ya bambanta mu da Yamai ko Agadas, wanda masu tsara shirye-shirye ba su cika lura da shi ba. Mu itace bai ƙare mana ba, dawowa ma ya yi. Tun daga shekarun 1980 manoman Magariya da Matamaye da Mirya suka riƙa barin ƴan gawo a gona suna yi musu sassaben zamani, har a 2006 masu bincike suka ƙiyasta cewa wannan farfaɗowa ta rufe kusan hekta miliyan ɗaya. Wanda ke da gawo a gonarsa yana da reshen sassabe, ga karan gero da na dawa bayan kaka. Matar ƙauye da ke samun makamashinta ba tare da ta kwance bakin zani ba, da wane baki za ka ce mata ta sayi butali? Don haka tun farko gaz a nan abin cikin gari ne: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, ƴan kasuwa, da duk wanda dama sayen itace yake yi.

Abin da ya juya al'amarin shi ne matatar SORAZ. Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashinta a 2008, Shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011, a arewacin Damagaram kan hanyar Tanut. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, Nijar kashi 40. Ɗanyen mai na zuwa ta bututu daga Agadem, ana tace ganga 20,000 a rana, kuma cikin abin da ke fita har da gaz na girki. Daga nan gaz ya tashi daga baƙon da ke zuwa daga bakin teku ya koma ɗan jiha. Hukuma ta tsayar da farashi: butali mai kilo 6 sefa 1,800, wato jika ɗaya da dala 160, mai kilo 12.5 kuwa sefa 3,750. Butalan Niger Gaz da Sonihy da Oriba da Gani Gaz suka fara bayyana a ƙofar shaguna, kowane da launinsa, ka kawo fanko ka ɗauki cikakke.

Wanda ya ci kasuwa shi ne ƙaramin, mai kilo 6, da ake ɗaura wa kan wuta a bisa, a kewaye shi da ƙarfen ɗora tukunya. Ba tiyo, ba wani haɗi. Gwauraye da masu shayi da ƙwai ne suka fara rungumarsa, sai matan aure suka ga amfaninsa wajen ɗumamen safe, da ruwan zafin jariri, da sahur in azumi ya faɗo cikin damina itace ya jiƙe. Mu ma a kansa muka koyi aiki, don ba shi da wuyar sha'ani: robar bakin ta mutu, ko ramin fitar gaz ya toshe.

Kwizinyar mai kai huɗu da fur a ƙasa, wadda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa kuka mai oben, ta wata hanya ta shigo: kayan ɗaki. Da jeren amarya ya tashi daga kwalla da tasoshi ya koma kujeru da firiji, ita ma ta sami gurbi. Wasu iyaye su sayo a Damagaram ko Maraɗi, wasu su bi ta Ɗan Barto da Daura su ɗauko a Kano, sababbi ƙirar Turkiyya ko Sin, wasu kuma tsofaffin Turai da ake saukewa a Kwatano. Na sha shiga gida a kira ni gyara, in tarar ba abin da ya lalace, ba a dai taɓa haɗa ta ba. An lulluɓe ta da leshi, an ɗora kwanon tangaran a kai, fur ɗin kuma ya zama ma'ajiyar kofuna, wani lokaci gidan ɓera. Amarya tana girkinta a tsakar gida kan duwatsu uku.

Kuma ban ga laifinta ba. Kwizinyar an ƙera ta ne don tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi da girkin mutum biyar. Tukunyar tuwon gidan mutum goma sha biyar ba ta zama a kanta, in ma ta zauna, tuƙi da muciya sai ya karya ƙarfen ko ya tuntsurar da ita. Miya, shinkafa, taliya, suya, nan ne fagenta. Tuwo na itace ne, kuma ban ga alamar zai bar shi ba.

Wahalar shekarun farko ta haɗi ce. Kayan Kano da butalin Nijar ba su cika jituwa ba. A can yawanci mutum shi ke da tukunyar gaz ɗinsa, ya kai a zuba masa kilo nawa yake so, kuma kan da ake sa mata dannawa ake yi ya kama. A nan babban butali famfo gare shi, ana ɗaura masa detandar, wato abin da ke rage ƙarfin gaz kafin ya shiga tiyo, kuma zarensa na hagu ne, akasin na sauran kusoshi. Nawa aka lalata don an murɗa ta hannun da aka saba! Wasu kuma suka ga detandar tsada ce, suka haɗa tiyo kai tsaye, ko suka sayi irin na masu walda da ake ƙara wa ƙarfi da hannu. Kwizinyar gida kuwa ɗan ƙarfi kaɗan take so, wajen miliba 28 zuwa 30. In ya zarce haka, wuta ta tashi daga kan ta riƙa huci, a cikin fur kuma ta mutu gaz na ci gaba da zuba.

Tsofaffin Turai nasu ciwon daban ne, kuma ya ɗauke mu lokaci kafin sirrinsa ya bazu a tsakanin masu gyara. Yawancinsu an saita su ne don gaz na bututun gari, wanda ba irin namu ba ne. Jiklar ɗinsu, ƴar tagullar nan mai ƙaramin rami da ke ƙarƙashin kowane kai, raminta ya fi faɗi. Ka haɗa ta da butali, sai wuta ta fito doguwa, ja-ja-ja, ta baƙanta gindin tukunya, butalin wata guda ya ƙare cikin kwanaki. Mai gida ya ce an sayar masa da gaz mai ruwa. Magani shi ne a sake jiklar duka, har da ta fur, a kuma daidaita shigar iska har wuta ta koma shuɗiya, gajera, mai tsayawa cak. Sababbi sukan zo da ƴar jakar jiklar a liƙe a bayansu ko cikin takardunsu, amma ranar jere yara ake bai wa su yi wasa da ita.

Tiyo ma haka. An yi zamanin da ake sa na ruwa, ko na man mota, a ɗaure da igiyar roba. Na gaz daban yake, mai kyau yana ɗauke da shekarar da zai daina aiki a jikinsa, kuma da kolye, wato zoben ƙarfe, ake matse bakinsa biyu. Ba a bi da shi ta bayan fur, don zafi na busar da shi ya tsattsage. In an gama haɗi, kumfar sabulu ake shafawa a duk mahaɗa a ga ko za ta yi ƙwai. Gwaji da ashana, wanda har yanzu wasu ke yi da sunan jarunta, hanyar likita ce. Gaz ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa buɗe taga kaɗai ba ya isa, sai an buɗe ƙofa. Warin da ake ji ma ba nasa ba ne, zuba masa ake yi da gangan don hanci ya yi gargaɗi. Da sanyin hunturu, in butali ya kusa ƙarewa wuta takan yi rauni, sai ka ga an kwantar da shi ko an tsoma shi cikin ruwan zafi. Duka biyun haramun ne a sana'armu. Butali a tsaye yake zama, a inuwa, ba cikin ranar watan Afrilu ba.

Fur bai tashi daga barci ba sai da matan gari suka shiga sana'ar kek da biskit da gashin kaza na biki da suna. Da can a tukunya ake gasa kek, a zuba yashi a ƙasa, a ɗora garwashi a murfi. Da waya ta zo da hotunan girki, ƴan mata suka koma ga abin da ke lulluɓe a ɗakin yayarsu. A nan ne kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu, mu ma kiranmu ya canza. Maimakon "zo ka haɗa", sai "zo ka ga ƙasa na ƙonewa sama bai nuna ba". Wutar fur na gaz daga ƙasa take, don haka a tsakiya ake sa faranti, a bar shi ya yi zafi tukuna, a kuma tabbatar kwizinyar ta zauna daidai, don daɓen gidajenmu ba ya rasa gangare. Sai kuma mai cewa, "Malam, da na saki maɓalli wutar mutuwa take yi." In ce, "Hajiya, ki riƙe shi a danne har ki ƙirga goma sha biyar." Akwai ɗan ƙarfe a gefen wutar da sai ya ji zafi yake barin gaz ya wuce, in wuta ta mutu kuma ya rufe. Wasu masu gyara cire shi suke yi don a huta da danna maɓalli. Ni ba na ɗaukar wanda ya yi haka abokin sana'a. Wata ƙa'ida kuma: a buɗe ƙofar fur, a kunna ashana, sannan a murɗa. In bai kama ba, a rufe a jira iska ta fita. Yawancin gilasan da suka fashe da girar da ta babbake, saɓa wannan ne ya jawo.

Maganar tsafta ita ce wadda na fi daɗewa ina jayayya a kanta. Matanmu gwanayen wanke tukunya ne, da toka da yashi da soson ƙarfe, har ta riƙa walƙiya. Wannan gwanintar ce ke kashe kwizinyar. Toka da yashi na kankare farin fentin, tsatsa ta samu hanya. Ana kwara ruwa a kai, ya gangara cikin jiklar da wayoyin tartsatsi. Abin da take so kaɗan ne: in ta huce, a rufe butali, a cire kawunan a jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabulu, a goge ƴan ramukan da tsohon buroshin haƙori, a shanya su bushe sarai kafin a mayar. Maiƙon cikin fur, bikarbonat da ɗan ruwa ko lemun tsami na narkar da shi in an bar shi ya kwana. Ba a soka allura cikin jiklar, don ramin na faɗaɗa, kuma ba ya komawa. Ga kuma abokan gaba da takardar masana'anta ba ta san da su ba: ƙurar hunturu, da kyankyaso, da zanzaro mai gina ɗakinsa na laka cikin bututun wutar fur, da ɓera mai yagar audugar da ke riƙe zafi a bango.

Iyaka ma ta sha shiga tsakaninmu da aiki. Da Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan gyara na Kano suka yi wuya, muka koma farke matattun kwizinyar muna ciro maɓallai da jiklar. Gaz kuwa, duk lokacin da matatar SORAZ ta tsaya gyara, ko bambancin farashi ya ja butalai zuwa ƙetare, layi ke dawowa ƙofar masu sayarwa, farashin hukuma ya zama na takarda, duwatsu uku su karɓi aiki. Shi ya sa ba gidan da na sani a Matamaye da ya rushe murhunsa don ya sayi kwizinyar. Mai hali butali biyu yake ajiyewa.

Yaran da ke shigowa sana'ar yanzu ba su san lagwani ba. Daga walda ko gyaran firiji suke zuwa, suna duba lambar jiklar a waya, wasunsu ma suna ƙera manyan fur na ƙarfe masu hawa biyu ko uku don masu kek da suka fi ƙarfin kwizinyar. Aikinsu na da kyau a ido, sai dai mafi yawan waɗannan fur ɗin ba su da ƙarfen nan mai rufe gaz in wuta ta mutu, don yana ƙara kuɗi, mai saye kuma ba ta san ta tambaya ba.