Fulotin Hamsin Da Ɗari Da Awon Faransa

Duk wanda ya taɓa neman fili a Kano ko Kaduna ya san yadda dillali ke magana: hamsin da ɗari. Ƙafa yake nufi. Amma idan takardar safiyo ta fito, sai mu ga an rubuta awon da mita. A tsakanin bakin dillali da takardar nan akwai tarihi mai tsawo, akwai kuma kuɗi.

Kakanninmu da jikinsu suke awo: taƙi, kamu, da gaba, wadda masu haƙar rijiya ke faɗin zurfi da ita har yau. Turawan Ingila suka kawo inci da ƙafa da yadi. Ita kuwa mita a Faransa aka haife ta, lokacin juyin juya hali. A 1791 masana suka yanke cewa za ta zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu. Delambre da Méchain suka shafe shekaru suna auna ƙasa daga Dunkirk zuwa Basalona, a 1799 aka ƙera sandar mitar. Mulkin Faransa ya kai ta Maraɗi da Damagaram, ita kuwa Nijeriya sai a shekarun 1970 ta koma mata a hukumance.

Abin mamaki, ƙafar da muke riƙe da ita tuni ta zama 'yar mita. A 1959 Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe huɗu suka amince yadi ɗaya mita 0.9144 ne cif, ƙafa kuma 0.3048. Mu masu rubuta manhaja wannan lambar muke sakawa, kuma mun san ɓarnar mantawa da irinta: a 1999 kumbon NASA ya salwanta a duniyar Mars saboda wata manhaja ta ba da lissafi da awon Amurka, ɗayar kuma ta ɗauka na tsarin mita ne.

Ido dai ba ya ganin lamba sai an haɗa masa da abin da ya sani. Mita ɗaya ƙafa uku ce da 'yan inci uku. Turmin atamfa yadi shida ne, wato ƙafa 18, kusan mita biyar da rabi. Faɗin ragar ƙwallo da ake rubutawa mita 7.32, ainihinsa ƙafa 24 ne aka juya.

Mu koma ga fulotinmu. Hamsin da ɗari shi ne mita 15.24 da 30.48. Sau da yawa a kan share 'yan ɗigon, a rubuta 15 da 30, mai saye ya sa hannu yana murna. Abin da ya zube a nan ya haura murabba'in mita 14, kimanin ƙafa 12 da 13. Ɗaki guda ke nan, da gado da sif a cikinsa.