Sukuwa, Caca da Littafin Kintace: Waiwaye Daga Ƙasar Gombe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda caca ta raɓi sukuwa a Arewacin Nijeriya, tare da auna littattafan da Turawa ke wallafawa don kintatar dokin da zai ci tsere. An ɗauki Gombe a matsayin madubi saboda tana wakiltar garuruwan da ke da doki da mahaya, amma ba su yi babban kulob irin na Ikko ko Kano ba. Ra'ayin maƙalar shi ne, littafin kintace ba ya cin gashin kansa. Yana rayuwa ne a kan rubutaccen tarihin dawaki, kuma wannan shi ne abin da ƙaramin fili ya rasa.

2.0 Doki da Masana Doki a Gombe

Masarautar Gombe, wadda Buba Yero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a bisa sirdi aka gina ta. Daga Gombe Abba a bakin Gongola mahayanta suka mallaki filayen arewa, amma duwatsun Tangale da Waja suka gagare su, domin doki ba ya da ta cewa a kan tsauni. A Burmi, cikin wannan ƙasa, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903, kuma daga nan aikin doki a fagen fama ya ƙare. Aka mayar da hedikwata Nafaɗa a 1913, sannan Gombe Doma a 1919. Abin da ya rage wa doki shi ne hawan salla da kilisa da sukuwa.

Ya kamata a lura cewa tsere don samun kyauta ba baƙon abu ba ne ga malamanmu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, ta kuma kawo ra'ayin Imamu Malik cewa wanda ya sa kyauta ba ya mayar da ita aljihunsa ko da dokinsa ne ya zo na ɗaya. Wato shari'a ta san kyautar mahayi, amma ba ta san ɗan kallo da zai zuba kuɗi a kan dokin wani ba. Wannan na biyun shi ne caca.

Har ila yau, Bahaushe da Bafillace suna da nasu ilmin kimanta doki, sai dai a ka yake ba a takarda ba. Shamaki da 'yan barga sukan dubi faɗin ƙirji da tsayin ƙafa da kofato da haƙora. Sukan tambayi asali, ko na Barno ne ko ɗan Azbin. Launi ma yana da nasa hukunci: akawal da kili da bidi da hurde da gunya da danda, kowanne da abin da ake jingina masa na sa'a ko rashinta. Wani ɓangare na wannan camfi ne tsagwaronsa, amma wani ɓangaren lura ce ta shekara da shekaru. Ɗan bargan da ya san doki ya ƙi cin harawa daren jiya ya fi kowane marubuci sanin abin da zai faru gobe.

3.0 Zuwan Tsere Irin na Turawa

Turawan mulki sun zo da wani tsari daban: fili zagayayye, zango ƙayyadadde, alƙalai, da sikelin auna mahayi. Filin sukuwa na Ikko ya samu tun ƙarni na 19, a nan aka sauke tutar Ingila a 1960, kuma shi ne Dandalin Tafawa Ɓalewa a yanzu. Kano da Zariya da Jos da Kaduna duk sun samu nasu. Na Kaduna ne ya karɓi babban hawan da aka yi wa Sarauniya a 1956, daga baya ya zama Dandalin Murtala. Cikin sarakuna, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906-1944) da ɗansa Usman Nagoggo su suka fi shahara wajen rungumar wasannin dawaki na Turawa.

Abubuwa biyu suka biyo wannan tsari. Na farko shi ne daidaita nauyi, wato a ɗora wa dokin da ya fi gudu ƙarin dalma don ya zo daidai da saura. Wanda ya yi fice a wannan fanni a Ingila shi ne Admiral Rous, a tsakiyar ƙarni na 19. Na biyu shi ne cacar haɗaka, wadda Joseph Oller ya ƙago a Faransa a shekarun 1860: a tara kuɗin kowa wuri ɗaya, masu fili su cire kasonsu, a raba ragowar ga waɗanda dokinsu ya ci.

4.0 Auna Littafin Kintace

Littafin kintace ɗan waɗannan abubuwa biyu ne. A Ingila ana buga sakamakon tsere tun ƙarni na 18, kuma littafin nasabar dawaki ya fara fitowa a 1791. A kan wannan tarin bayanai Phil Bull ya kafa Timeform a 1948, yana ba kowane doki lamba gwargwadon ƙwazonsa. A Amurka kuwa Andrew Beyer ya wallafa Picking Winners a 1975, inda ya nuna yadda za a gyara lokacin gudu bisa yanayin fili. Ma'aunin littafi nagari ke nan: ya bayyana inda ya samo alƙalumansa, ya faɗi sau nawa dabararsa ta faɗi, ya kuma sa kason masu fili cikin lissafi. Wanda ya jera nasarori kawai, talla yake yi.

To amma ko littafi nagari a ɗauke shi zuwa ƙaramin fili, sai ya zama makaho. Inda ba a rubuta lokacin gudu ba, ba a tabbatar da shekarun doki ba, kuma doki kan sauya suna idan ya sauya turke, babu abin da za a kwatanta. Bugu da ƙari, lissafi da kansa yana gaba da mai caca a ƙaramin taro. Alal misali, a ɗauka an tara naira 10,000, an cire kashi ɗaya cikin biyar, saura 8,000. Idan naira 1,000 ce a kan dokin da ya ci, kowace naira za ta jawo takwas. To sai wani mai ji da sani ya ƙara 2,000 a kan wannan doki. Jimla ta zama 12,000, bayan cire kaso saura 9,600, a raba kan 3,000: kowace naira ta koma jawo naira uku da kwabo ashirin. Da hannunsa ya karya farashin da ya gani.

A Jamhuriyar Nijar an samu akasin wannan. Hukumar cacar ƙasar tana sayar da tikiti a kan tseren da ake yi a Faransa, don haka mai caca a Maraɗi yana riƙe da takarda cike da alƙaluma game da dokin da bai taɓa gani ba. Ɗan kallo a Gombe kuwa yana ganin doki ido da ido, ba shi da ko layi ɗaya na tarihinsa.

5.0 Halin da Ake Ciki

Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma hawan salla na nan a fadarta. Sai dai cacar da ke cin kuɗin matasa ta bar fili ta koma wayar hannu da shagunan cacar ƙwallo. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, don haka alhakin ya dawo kan majalisar kowace jiha, har da ta Gombe. Cikin abin da shagunan nan ke sayarwa akwai tseren dawakin kwamfuta, wanda ake sakewa duk bayan 'yan mintoci. Waɗannan dawaki ba su da nasaba, ba sa ciwon kofato, ba sa ƙin cin harawa. Na'ura ce ke fidda wanda ya ci, bayan an riga an tsara kason kamfani a cikinta.