Turancin Tafawa Ɓalewa da Intabiyun Ɗan Gagarawa



Wani abokina ɗan Gagarawa ya je intabiyu a wani kamfani a Abuja. Takardunsa tsaf, amsoshinsa daidai. Amma da ya zo faɗin hamsin da Turanci sai F ta fito masa kamar P, ɗaya daga cikin masu tambayar ya kauda kai yana murmushi. Da ya dawo ya ce min, "Wai sai na koyi karya harshe zan samu aiki?"

To, bari mu koma baya. A 1922 Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Masu koyar da Turancin 'yan Ingila ne, kuma sun matsa ƙwarai kan lafazi: ɗalibi ya yi ta nanata kalma har sai ta fito yadda kunnen Bature yake so. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya ƙaro a Landan a 1945. Ranar 7 ga Oktoba 1960 ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1961 kuma a majalisar dokokin Amurka. Har laƙabi aka yi masa, mai muryar zinariya.

Eh, lafazin ya buɗe masa ƙofofi, ban musa ba. Amma mutum nawa Katsina take ɗauka? 'Yan tsiraru ne daga duk Arewa, suna kwana suna tashi da Turawa. Yaron firamaren Gagarawa fa, a bakin wa zai ji irin wannan Turancin? Idan mai intabiyu ya auna lafazi, makarantar da mahaifinka ya iya biya yake aunawa, ba ƙwaƙwalwarka ba.

Batun F da P ɗin ma ba rashin ilimi ba ne. Hausa ba ta raba su, sauti ɗaya ne, kuma ko a tsakaninmu Bakano ya ce fari, Basakkwace ya ce hwari. Ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis: ga ɗan Nijar da Hausarsa mai haɗe da Faransanci, ga ɗan Kudu da gwarancinsa, a yi cinikin shanu na miliyoyi, ba wanda ya fasa saboda karin harshe. Ngozi Okonjo-Iweala ma da ta karɓi Hukumar Kasuwanci ta Duniya a 2021, da Turancinta na gida ta shiga ofis.

Abu ɗaya na yarda a gyara, wato inda lafazi zai sa a kasa gane ka. Goma sha biyar da hamsin a Turanci kusan furuci ɗaya ne, kuma a lissafin kamfani wannan asara ce. Shi na faɗa wa abokina: ya rage sauri, ya riƙa maimaita adadi. Wata mai zuwa yana da wani intabiyun a Kano, ku sa shi a addu'a.