Bin Sawun Man Fetur a Gaɓar Teku: Taƙaitaccen Tarihi

Idan aka kore wa makiyayi shanu, akan nemi mai bin sawu. To amma teku ba ta riƙe sawu. Saboda haka an daɗe, in mai ya malala ya kashe wa masunta kifi, sai a rasa wanda za a kama ya biya diyya.

Bakin zaren ya fara samuwa ne cikin shekarun 1930, lokacin da wani masani Bajamushe, Alfred Treibs, ya gano ɓurɓushin sinadarin da ke sa ganye kore a cikin ɗanyen mai. Watau dai mai ragowar halittun da ne, kuma man kowace ƙasa yana ɗauke da alamun halittun da suka haife shi. Daga baya aka sami na'urar da ke rarrabe sinadaran mai ɗaya bayan ɗaya, ta zana su tamkar zanen yatsa. Da irinta ne Max Blumer ya bi sawun man da ya zube a West Falmouth ta Amurka cikin 1969, ya same shi maƙale cikin laka da naman kawa, alhali ido ya daina ganinsa.

Shaidar nan takan kama mai laifi, takan kuma wanke wanda ake zargi. Cikin Maris 1989 jirgin Exxon Valdez ya zubar da galan wajen miliyan 11 a Alaska. Da masanan gwamnatin Amurka suka auna wasu dunƙulen kwalta da ke gaɓar, sai suka tarar asalinsu man Kalifoniya ne. Suka danganta su da tankunan garin Valdez da girgizar ƙasar 1964 ta farfasa.

Sai dai shaidar tana da iyaka. Cikin 2019 mai ya ɓata gaɓar arewa maso gabashin Burazil, fiye da kilomita 2,000. Awo ya nuna ya yi kama da man Benezuwela, amma bai faɗi jirgin da ya zubar ba. Sai a ƙarshen 2021 'yan sanda suka ɗora alhakin kan wani jirgi mai tutar Girka.

A taƙaice, awo yakan faɗi mahaifar mai, amma gano hannun da ya zubar aikin hukuma ne. Ƙasar da ke haƙo mai, irin Nijeriya, in ba ta tanadi samfurin man kowace rijiya da masu awo nata na kanta ba, to da zato za ta riƙa shari'a. Zato kuwa, in ji Hausawa, zunubi ne ko da ya zama gaskiya.