Soyayya a zamanin Neron: tarihin littafin Quo Vadis

A cikin ƙagaggun labaran soyayya da aka gina bisa tarihin Kiristanci, kaɗan ne suka kai Quo Vadis shahara. Henryk Sienkiewicz, ɗan ƙasar Polan, ya fitar da shi a 1896. Labarin ya gudana a birnin Rum, inda Binisiyus, hafsan soja ɗan babban gida, ya kamu da son Ligiya, budurwa Kirista. Ana cikin haka gobarar shekara ta 64 ta ci birnin, sarki Neron ya ɗora wa Kiristoci laifi, aka shiga karkashe su.

Lokacin da aka rubuta littafin, babu Polan a taswira, domin Rasha da Furusiya da Ostiriya sun gama raba ta tun 1795. Marubucin ya sanya Ligiya ƴar ƙabilar da ake dangantawa da kakannin mutanen Polan, don haka masu karatunsa suka ga kansu cikin waɗanda Neron ya zalunta. An ba shi kyautar Nobel a 1905, ƙasarsa kuwa ta samu ƴanci a 1918.

Malamin da zai ba ɗalibai wannan littafi don nishaɗi, ya kyautu ya bayyana musu zamunnan biyu: na Neron da na marubucin.